Zomanyar Gindin Aduwa

Duk wanda ya taɓa noman auduga a Jazira ya san tsinke ta ba shi ne ƙarshen wahala ba. In an gama tsinka, sai a bi itacen ɗaya bayan ɗaya a tumɓuke shi da saiwarsa, a tara tsibi-tsibi, a cinna wuta, don kada tsutsa ta kwana a ciki ta jira shukar baɗi. Wannan doka ta girme mu duka. In ka bar tsibi ɗaya a hawasharka, wato gonar da aka yanka maka a bakin ruwa, ba kanka kaɗai ka cuta ba, har maƙwabtanka na gabas da na yamma ka ja wa. Shi ya sa a ƙauyenmu, nan kudu da Wad Madani kan hanyar Makwar, mutum ya gwammace a kira shi marowaci da a ce shi ne bai ƙone itacensa ba.

To, bara hawashar Baba Audi ce ta rage da tsibi ɗaya a tsaye, kowa ya ƙone nasa ban da su. Kuma wai saboda zomo. Wallahi saboda zomo!

Ni Khadijat maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba mu, in Asabe ta yi tari ina ji. Abin da ban gani da idona ba a labarin nan, ita ta faɗa mini da bakinta. Asabe 'yar Baba Audi ce, ita kaɗai ta rage masa a gida. Mijinta ya rasu, 'yan'uwanta maza sun watsu neman abinci. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama tsohon, bayan mun dawo daga gudun yaƙi, ita ce ɗa ita ce 'ya. Ita ke noma hawashar, ita ke ɗaga shi, ita ke sa masa abinci a baki. Shi kuwa ya kwanta kan gadonsa na igiya ya juya wa duniya baya, fuskarsa a bango. Kisra, wainar dawar nan tamu, ba ya ci sai an yi da gaske, magana kuwa daga "to" sai "a'a". Likita a Madani ya ce jikin ya yi sauƙi, zuciyar ce ta ƙi tashi.

Wata rana ni da nake duba shi in ta tafi gona na tafi gaisuwar mutuwa, Asabe ta rasa wanda za ta bar wa tsohon. Sai ta ɗaura jaki a karo, wato amalanke, ta ciccibi tsohon ta ɗora, ta kai shi gona. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin aduwar da ke bakin hawasha, kusa da wani tsibin itacen auduga, ta shiga aikinta. Ba su dawo ba sai bayan magariba. Ina cikin wanke-wanke na ji muryar da na daɗe ban ji ba ta tsallako katanga.

"Khadijat! Kina nan? Na ga zomanya. Kunnenta na hagu a yage yake, kuma tana da ɗiya uku ƙarƙashin itacen ga."

Kwanon da ke hannuna sai da ya suɓuce. A daren nan tsohon ya cinye kisrarsa tas, har ya nemi ƙarin miya.

Daga ranar, la'asar ba ta yi sai ka ji shi: "Asabe, ɗaura jakin." Ya je ya zauna gindin aduwa shiru kamar kututture, ya dawo da labari cike da baki. Ni ce mai sauraro, don Asabe in ta dawo ba ta da sauran kunne. Shi ya koya mini cewa zomon daji ba ya haƙa rami, sai dai ya kwanta a ɗan lotsawar ƙasa. Ya ce 'ya'yan da gashinsu aka haife su, idonsu a buɗe, kuma da rana ba sa kwanciya wuri ɗaya: kowanne ya lafe a nasa lungu cikin inuwar tsibin, kunnuwa kwance a baya, ko ka kusa taka shi ba zai motsa ba. Uwar kuwa wuni guda ba ka ganin ko ƙeyarta. Sai rana ta taɓa gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan nan, sannan ta ɓullo. Ba ta zuwa kai tsaye. Ta ɗan tsinki kiri-kiri a bakin ruwa, ta tsaya, ta koma baya kan sawunta, ta sake zagayowa. A lokacin 'ya'yan sun riga sun taru wuri ɗaya suna jira. Ta zauna a tsugune, kunnuwa a miƙe suna juyawa, su sha.

"Kafin ki shanye finjalin gahawar jabana ta gama," in ji shi. "Ta lashe su, ta yi tsalle ɗaya wawakeke gefe guda, don kada ta bar sawu. Shi ke nan sai gobe."

Asabe tana tsugune tana hura wuta, ta ce, "Wannan ai uwar banza ce, Yaba. Sau ɗaya a wuni?"

"Ba banza ba ce. In ta zauna kansu, kare ya bi ƙamshinta har wurinsu. Nisan da take yi, su take yi wa."

"Ni dai abin da na sani, mai son ɗansa kusa da shi yake kwana."

Ni na san inda maganar ta dosa. Lokacin da Asabe take ƙarama, Baba Audi duk shekara yana can Gadarif wurin yankan riɗi. Ya zo da buhun dawa da 'yan yadudduka, kafin yara su saba da fuskarsa ya sake saɓa jakarsa. Ranar da aka binne uwar Asabe ma yana can. Wannan abu ya tsaya mata a maƙogwaro har ta yi furfura. Tana yi masa hidimar da ba kowace 'ya za ta yi ba, Allah ya gani, amma da ɗaurarriyar fuska take yi. Kuma ita ba ta taɓa ganin zomanyar ba ko sau ɗaya. Duk lokacin da dabbar ke zuwa, tana can ƙarshen gona tana haɗa kayan aiki, ko tana jan jaki daga kiwo.

Ana nan sai ga Hamid, samad ɗinmu, wanda ke lura da al'amuran manoman layinmu. Mutumin kirki ne, amma shi ma matsa masa ake yi. Ya tsaya ƙofar gida ya yi sallama.

"Ya Asabe, saura naki. Kowa ya ƙone. Mutane sun fara magana."

Kafin ta buɗe baki tsohon ya amsa daga ciki: "Hamid, ɗana, ka yi mani haƙuri kaɗan. Akwai masu shan nono ƙarƙashin tsibin ga. Da sun yi ƙwari za su watse da kansu, sannan a ƙone."

Hamid ya sosa ƙeya, ya ce ya ji, amma kada Juma'a ta wuce. Da ya tafi, Baba Audi ya kamo gefen mayafin 'yarsa da hannunsa mai lafiya.

"Ki yi mani alkawari ba ki taɓa shi sai na ce. Hamid ni zan ji da shi."

"To, Yaba, na ji."

Kai, mutanen ƙauye! Kafin kwana ya zagayo magana ta cika gari. A bakin famfo mata suka sa ta gaba: "Asabe, ya masu jego? Yaushe ne sunan?" Jibril, wanda hawasharsa ke jikin tasu, ya aiko a gaya mata in tsutsa ta ci audugarsa baɗi, zomon ne zai biya shi ko ita? Ni kaina na tsokane ta, Allah ya yafe mini, na ce ko in dama wa zomanya kunun kanwa. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ga zafin bazara, ga ciwon baya na ɗaga tsoho sama da ƙasa kullum, ga bakin mutane. Matar nan ta gaji, gajiya ta gaske.

Ranar Alhamis da sassafe ta tafi gona ita kaɗai. Ta ce mini da farko dubawa kawai ta je yi. Ta ɗaga gefen tsibin da sanda, sai ga ɗaya a lafe, ɗan mitsitsi, bai cika tafin hannu ba. Ta zagaya ta sami na biyu, ta sami na uku. Ta duba gabas, ta duba yamma, ta bi bakin tur'a, babu uwa babu dalilinta. Duk abin da tsohon ya yi ta faɗa mata ya bi iska. Abin da idonta ya nuna mata shi ne jarirai uku a yashe cikin ƙura, ba kowa a kansu, kuma ita ta san yadda wannan yake. Nan take shawara ta zo mata, ta kuma yi mata kyau ƙwarai: ta kwashe su ta kai gida, tsoho ya samu abin kallonsa a gefen gado ba sai an wahalar da jaki ba, marayu su samu mai kula da su, bakin mutane ya mutu. Ta ƙulle su a gefen tobinta, wato mayafinta, ta ƙyasta ashana.

Daga gida na hango hayaƙin. Na saki aikina na nufi gidansu.

Ta shigo da su a cikin kwando ta ajiye gaban gadon. Ina tsaye a bakin ƙofa. Tsohon ya leƙa kwandon, ya ɗago ya dubi tokar da ke gashin girarta.

"Mi kinka yi, Asabe?"

"Uwar ta mutu, Yaba. Na ga karen su Jibril da ita a baki."

Daga baya ta rantse mini ba ta shirya ƙaryar nan ba, bakinta ne ya riga ta. Baba Audi ya daɗe yana kallonta.

"Da idonki?"

"Da idona."

Ya runtse ido. Sai ya miƙa hannu ya dafa kanta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tun da nake da su.

"To, Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Kin ceci marayu. Da ba ki je ba da yunwa ta kashe su. Allah ya ba ki ladan."

Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta fito tsakar gida ta jingina da bango, fuskarta kamar an watsa mata ruwan zafi. Na ce, "Asabe, karen su Jibril fa tun watan jiya ya mutu." Ta ce, "Rufa mini asiri, Khadijat, don Allah." Na rufa. Da yamma Hamid ya biyo ya ce mata kwayyis, ta kyauta, ya san ita mai hankali ce. Ta amsa masa kanta a ƙasa.

Aka tatso nonon akuya. Aka gwada cokali, aka gwada tsumma, aka gwada ɗiga musu da yatsa. Ina! Abin daji na daji ne. Suka dunƙule a lungun kwando, zuciyarsu na bugawa har kana gani ta cikin fata. Wanda aka samu aka ɗura wa, cikinsa ya kumbura tim, kafin a tafi masallacin Juma'a ya miƙe ƙafafu. Tsohon ya riƙe shi a tafin hannu yana shafawa da babban yatsa, yana ba Asabe haƙuri wai kada ta damu, ta yi iyakar ƙoƙarinta. Kowace kalma tasa sai ta ji kamar ana caka mata ƙaya.

Da la'asar ya ce, "Ɗaura jakin. Ina son in zauna gindin aduwa ko sau ɗaya, in yi sallama da wurin."

Ta kawo dalili, wai jaki ya gaji, wai akwai zafi. Ya nace. Ta ɗauke shi suka tafi, kwandon yana wurina.

Inda tsibin yake babu komai sai baƙin da'ira da farar toka. Ta shimfiɗa masa tabarma, wannan karon ta zauna gefensa, don ba ta da aikin da za ta fake da shi. Tana ta addu'a a ranta Allah ya sa wuta ta kori dabbar ta bar yankin. Rana ta gangaro ta taɓa gaɓar tur'a. Sai ciyawa ta motsa.

Ta fito a hankali, ja-ja mai ruwan ƙasa, kunnen hagu a yage. Ta tsinki kiri-kiri, ta tsaya, ta koma baya, ta zagayo, daidai yadda tsohon ya sha faɗa. Ta iso bakin tokar ta tsaya cak. Ta shinshina. Ta zagaya da'irar, ta shiga ciki har ƙafafunta suka yi fari, ta fito. Sannan ta je daidai inda suke taruwa, ta tsuguna, ta miƙe kunnuwa, ta jira. Nonon ya cika har ana ganin nauyinsa a ƙarƙashinta. Ta jira fiye da shan finjali, fiye da shan tulun jabana gaba ɗaya. Ba wanda ya zo. Da duhu ya fara sauka ta yi tsallenta gefe guda, don kada ta bar sawun da zai kai kare wurin 'ya'yanta, ta ɓace.

Asabe ta ce ta kasa juya wuyanta ta dubi ubanta. Shi ya fara magana, a hankali.

"Ashe karen su Jibril ya amayo ta."

"Yaba…"

"Kai ni gida."

A hanya babu abin da ake ji sai ƙarar ƙafar karo. Sai da suka hango fitilun gari ya sake cewa wani abu, ba tare da ya dube ta ba.

"Da nika tahiya Gadarif, ba gudunku nika yi ba. In na zauna, mi za ku ci? Na ɗauka in kin ga dabbar ga da idonki za ki gane. Shi ya sa nika ta hwaɗa maki."

Ta ce mini a wurin ta gane duk labarin zomon da yake ba ni ta kan katanga, ba ni yake ba wa ba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta ji ta tsani hannunta da ya ƙyasta ashanar, ta tsani bakinta fiye da hannun. A daren bai taɓa kisra ba. Kafin gari ya waye na biyun ma ya mutu.

Saura ɗaya, mafi ƙanƙanta, wanda ya ƙi yarda a ɗura masa komai. Da la'asar ta ɗaura jaki ba tare da an ce ta ɗaura ba, ta tsaya a ƙofar ɗaki da kwandon.

"Yaba, tashi mu mai da shi."

"Mai da shi ke kaɗai. Ni na gama kallo."

Ya juya fuskarsa bango, irin juyawar da muka sani.

Ta kwance jakin ta tafi da ƙafa. A bakin tokar ta tara busasshiyar ciyawa ta yi ɗan lungu, ta murza hannunta da ƙasa, ta ajiye shi, ta je bayan gaɓar tur'a ta kwanta rub da ciki. Cinnaku suka hau ta, ba ta motsa ba. Matar da ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba tun da na san ta, ranar ta koyi zama. Ta ga yadda ɗan ya lafe har ita da ta ajiye shi ta daina bambance shi da ƙasa. Ta ga shirwa ta wuce ta sama, shirwar ba ta gan shi ba. Rana ta taɓa gaɓa, babu komai. Ta nutse rabi, babu komai. Asabe ta fara kuka ba sauti, tana cewa a ranta, ya Allah, ko don tsohon nan.

Sai ga yagaggen kunne ya ɓullo daga ciyawa.

Wannan karon ta fi daɗewa tana zagaye. Ta zo kusa, ta ja baya, ta miƙe kan ƙafafun baya tana shaƙar iska. Ɗan ya ɗago kai. Ya fito daga lungun yana tangaɗi, ya faɗi, ya tashi, ya nufe ta. Ta sunkuyo ta shinshina shi tun daga kai har wutsiya. Asabe ta cusa gefen tobinta a baki. Zomanyar ta tsuguna, ta miƙe kunnuwa, ɗan ya shige ƙarƙashinta. Ya sha, ya sha, har ƙafafunsa na baya suna harbin ƙasa. Ta lashe shi, ta yi tsallenta gefe, ta tafi.

Da gudu Asabe ta shigo gari, mace mai furfura, takalmi ɗaya a hannu, yara na binta da kallo. Na biyo ta har ƙofar ɗakin. Ta durƙusa gaban gadon tana haki.

"Yaba! Ta zo! Ta karɓe shi, wallahi ta ba shi nono, ta lashe shi, ta yi tsallen nan da kake faɗa. Duk yadda ka ce haka ne, Yaba. Gobe in kai ka ka gani."

Bai juyo ba. Muryarsa ta fito daga wajen bango, ba faɗa a cikinta, ba komai.

"Da idonki?"

"Da idona, Yaba!"

"Haka kinka ce ran Alhamis."

Na sa baki, na ce Baba, ka dubi gwiwoyinta duk ƙasa, ka dubi cizon cinnaku a hannunta, wannan karon gaskiya ce. Ya ce, "Ke ma kin san karen ya daɗe da mutuwa, Khadijat, kinka yi shiru."

Ta ci gaba da zuwa gindin aduwa ita kaɗai har ɗan ya yi ƙwari ya daina fitowa. Kullum ta dawo ta zauna bakin gadon ta ba da labarin abin da ta gani, dalla-dalla, ba ƙari ba ragi, tana magana da bayan ubanta. Audugar bana ta yi kyau a layinmu, tsutsa ba ta taɓa ta Jibril ba, kowa na yaba wa.

Har yau in la'asar ta yi ina jin ta ta kan katanga tana ɗaura jaki a karo. Ta je ƙofar ɗaki ta tsaya.

"Yaba, na ɗaura."

"Kwance shi, ɗiyata. Bar shi ya huta."